Nadamar da Ta Jira Sai Bayan Rai: Karatuna na Littafin Earl Warren

A cikin tsofaffin littattafan da ake bajewa a ƙasa a gefen kasuwar Kejetia na tsinci wannan littafi. Bangonsa ya fara rabuwa, kuma wani da ya riga ni ya ja layi da jan biro a shafukan farko, sannan ya gaji ya daina. Sunansa The Memoirs of Earl Warren, wato tarihin rayuwar mutumin daga bakinsa. An buga shi a 1977, shekara uku bayan rasuwarsa. Na saye shi ne don ina neman abin cika fili a shirina na tarihi na daren Lahadi, ina zaton minti ashirin zai ishe shi. Sai ga shi na shafe mako uku ina gardama da mutumin da ya bar duniya tun ba a haife ni ba.

Wanda bai san Warren ba, ga shi a taƙaice. An haife shi a Los Angeles a 1891, ya tashi a Bakersfield. Mahaifinsa ɗan ci-rani ne daga Norway, ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa. Ya karanta aikin lauya a jami'ar Berkeley. Daga 1925 shi ne mai gabatar da ƙara na gundumar Alameda, daga 1939 Antoni Janar na jihar Kalifoniya, daga 1943 kuma gwamna. Sau uku ana zaɓensa gwamna, kuma a 1946 ya yi abin da ɗan siyasar wajenmu ko a mafarki ba zai gani ba: ya ci zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa ta Republican, ya kuma ci na abokan hamayya 'yan Democrat. A 1948 ya tsaya mataimakin Thomas Dewey, Truman ya kayar da su. A 1953, bayan rasuwar Fred Vinson, Shugaba Eisenhower ya ɗauko shi daga gidan gwamnati ya ɗora shi a kujerar Alƙalin Alƙalan Amurka. Kafin ranar bai taɓa yanke wa kowa hukunci ba, ko a ƙaramar kotu. Ya zauna a kujerar har 1969.

Yadda aka saba ba da labarinsa, labarin tuba ne. A ce ga mutum ya tafka kuskure a 1942, ya taimaka aka kwashe 'yan asalin Japan aka tsare su a sansanoni, sai Allah ya ba shi dama a 1954 ya wanke hannunsa da hukuncin da ya haramta raba ɗalibai baƙaƙe da farare a makarantun gwamnati. Labari ne mai daɗin faɗa a rediyo, yana da faɗuwa, yana da tashi, ana iya sa masa kiɗa mai sanyi a ƙarshe. Ni ma haka na yi niyyar ba da shi. Littafin ne da kansa ya hana ni, ba don ya ƙaryata labarin ba, sai don yadda marubucin ya raba wa al'amuran biyu wuri.

Da shari'ar Brown littafin ya buɗe, kuma nan ne ya fi armashi. Akwai labarin direbansa baƙar fata. Sun fita yawon ganin wuraren tarihi na yaƙin basasa a jihar Virginia, Warren ya kwana a otal, da safe ya tarar direban a cikin mota ya kwana, don babu masaukin da zai karɓe shi. Warren ya ce kunya ta kama shi, ya soke sauran tafiyar. Akwai kuma liyafar da aka yi a Fadar White House lokacin da shari'ar ke gaban kotu, inda aka gayyaci John W. Davis, lauyan da ke kare wariyar. A cewar Warren, Eisenhower ya ja shi gefe yana nuna masa cewa mutanen Kudu ba miyagu ba ne, 'ya'yansu mata kawai suke tsoron a zaunar kusa da baƙaƙen yara maza. Warren ya ba da waɗannan labarai ba ado, ba ƙarin gishiri, kuma hakan ya ƙara musu nauyi. Duk wanda ya yi aikin hira ya san irin wannan mai ba da labari: ba ya ɗaga murya, amma ka ga bai yafe ba.

Sai dai ko a nan ɗan siyasa ne ke magana. Warren yana so mu yarda cewa alƙalai tara sun haɗu kan hukuncin ranar 17 ga Mayu 1954 cikin lumana, ba wata ja-in-ja. Takardun da sauran alƙalan suka bari, waɗanda Richard Kluger ya yi amfani da su a littafinsa Simple Justice, sun nuna ba haka abin yake ba. Kotun da Vinson ya bari a rabe take. Stanley Reed na Kentucky yana shirin rubuta ƙin amincewa. Robert Jackson da Felix Frankfurter suna da shakku kan ko aikin kotu ne ko na majalisa. Abin da Warren ya yi shi ne abin da gwamna yake yi idan yana neman kudurinsa ya wuce. Ya hana a kaɗa ƙuri'a da wuri don kada kowa ya kafe a kan matsayinsa. Ya yi ta cin abincin rana da su, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya je asibiti wurin Jackson da ke jinyar bugun zuciya, ya kai masa daftarin. Reed ya bari sai ƙarshe, bayan ya zama shi kaɗai. A ranar hukuncin Jackson ya taso daga gadon asibiti ya zauna tare da su domin duniya ta ga tara cif. Wannan ai shi ne gwanintarsa mafi girma, amma a littafin ya rufe ta, kamar magini da ya share sawun ƙafarsa a kan daɓe. Na fahimci dalilinsa, yana kare martabar kotu ne. Amma mai karatu ya yi asara.

Hukuncin kansa gajere ne, kuma da gangan. Warren ya shaida wa abokan aikinsa cewa yana son rubutu gajere wanda talaka zai iya karantawa, wanda babu zafin rai a ciki, kuma sama da komai wanda bai ɗora wa kowa laifi ba. A matsayina na mai aikin rediyo na yaba masa. Rubutu ne da jarida za ta iya bugawa gaba ɗaya, mai karanta labarai kuma ya fassara shi ba tare da ya shaƙe ba. Muryar Amurka ma ba ta ɓata lokaci ba, a ranar ta fara watsa shi zuwa ƙasashen waje, domin lokacin yaƙin cacar baka ne kuma Tarayyar Soviet tana yi wa Amurka gori da halin da baƙaƙenta ke ciki. Amma ina so mai karatu ya riƙe wannan magana ta rashin ɗora wa kowa laifi. Hukuncin ya ce raba yaran yana cutar da zukatansu, ya kawo binciken masana halayyar ɗan Adam. Bai ce wani ne ya shirya cutarwar da gangan ba. Ga ciwo, babu wanda ya ji wa wani.

Da wannan alƙalami ya rubuta nadamarsa ta 1942.

Bari in faɗi abin da ya faru kafin in faɗi yadda ya ba da shi. Bayan harin Pearl Harbor na Disamba 1941, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066 ranar 19 ga Fabrairu 1942. A ƙarƙashinsa sojoji, bisa jagorancin Janar John DeWitt, suka kwashe mutum kusan 120,000 daga gaɓar yammacin ƙasar. Kusan kashi biyu cikin uku a Amurka aka haife su, 'yan ƙasa ne kamar kowa. Aka zuba su a sansanoni 10, biyu daga ciki, Manzanar da Tule Lake, a Kalifoniya suke. Ba Warren ne ya sa hannu ba, gaskiya ne, kuma ba shi ya ba sojoji umarni ba. Amma shi ne babban jami'in shari'a na jihar da mafi yawansu ke zaune, kuma ba shiru ya yi ba. Ya sa aka zana taswirori na gonakin da 'yan asalin Japan ke nomawa, don a nuna suna kusa da layin dogo, da filayen jirgin sama, da madatsun ruwa. Bai tsaya ya ce wa kansa manomi talaka inda ƙasa ke da araha yake samu, wato daidai irin waɗannan wurare ba. Kwana biyu bayan umarnin ya bayyana gaban kwamitin majalisa na Tolan a San Francisco, ya kawo hujjar da har yau idan na tuna ta sai na girgiza kai: wai rashin samun ko da zagon ƙasa guda daga wajensu shi ne alama mafi ban tsoro, don yana nuna suna jiran lokaci ne. Ya ce Jamusawa da Italiyawa ana iya gane mai biyayya a cikinsu, amma ba Japanawa ba. Ya ce waɗanda aka haifa a Amurka sun ma fi iyayensu haɗari.

Wannan lauya ne yake magana, mutumin da ya shafe shekara 14 yana gabatar da ƙara, wanda ya san cewa ba a kama mutum don bai yi laifi ba.

To, me littafin ya ce? Ya ce ya yi nadama ƙwarai kan umarnin da kuma shaidar da ya bayar. Ya ce idan ya tuna da ƙananan yaran da aka raba da gidajensu da abokan makarantarsu, zuciyarsa tana damunsa. Ya ce kuskure ne a yi gaggawa haka ba tare da hujja ba, ko da niyyar kare jiha ce. Ban ce ƙarya yake yi ba. An ruwaito cewa a wata hira ta adana tarihi da aka yi da shi a 1972, da aka zo kan wannan batu hawaye suka zubo masa har aka dakata. Na yarda abin ya ci shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar gaggawa. Gaggawa ita ce ka mari yaro kafin ka ji bayaninsa. Wanda ya tara masu gabatar da ƙara na gundumomi, ya sa aka auna gonaki aka zana taswira, ya shirya jawabi ya kai gaban majalisa, ba a cikin gaggawa yake ba. Kuma a watan Yuni 1943, yana gwamna, fiye da shekara guda bayan an kwashe su, ya tsaya a taron gwamnoni yana adawa da a sake su. A cikin wannan tsakani, a Nuwamba 1942, ya ci zaɓen gwamna. Littafin bai zauna ya haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ya dube su ba.

Sannan yaran. Kowa yana tausayin yaro, ba ya buƙatar jarunta. Ina manomin da ya sayar da gonar da ya shekara ashirin yana gyarawa a kan kuɗin da bai kai na taki ba, saboda an ba shi 'yan kwanaki ya tattara? Ina tsohon da ya mutu a bayan waya mai ƙaya? Ina samarin da suka fita daga sansanin suka shiga soja, suka yi yaƙi a Italiya da Faransa a runduna ta 442, iyayensu na tsare? Waɗannan manya ne, za su iya tsayawa su dube shi ido da ido su tambaye shi dalili. Littafin da yaran ya zaɓi ya yi magana. Kuma sa'ad da yake raye, a ƙarshen shekarun 1960, 'yan asalin Japan irin su Edison Uno sun yi ta neman ya fito fili ya janye maganganunsa. Bai yi ba. Nadamar ta fito a bugu ne lokacin da ba wanda zai iya yi masa tambaya ta biyu, kuma duk ɗan jarida ya san cewa a tambaya ta biyu hira take farawa.

Ba zan ɓoye ba, wannan sashe ya taɓa ni ta wata fuska. Duk wanda ya tashi a zango ya ji dattawa suna ba da labarin Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Ba daidai yake da abin da ya faru a Kalifoniya ba, babu yaƙi, babu sansanin shekara uku. Amma sayar da kaya a wulaƙance, da mutumin da aka binne cibiyarsa a gari a wayi gari ana tambayarsa daga ina ya zo, wannan mun san shi. Shi ya sa da na karanta hujjar Warren ban ji ta baƙuwa ba.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne mutumin ya iya faɗin gaskiya a kan kansa idan ya ga dama. Dubi batun rabon kujerun majalisa. A 1948, yana gwamna, ya yi adawa da a sake fasalin majalisar dattawan Kalifoniya, inda gundumar Los Angeles mai miliyoyin mutane take da sanata ɗaya, daidai da wani yankin karkara mai 'yan dubbai. A 1964, a shari'ar Reynolds, shi da kansa ya rubuta hukuncin da ya rushe irin wannan tsari a duk faɗin ƙasar, ya ce ƙuri'ar kowa nauyinta ɗaya. A littafin ya amsa cewa matsayinsa na farko lissafin siyasa ne kawai. Shi ke nan, ba kwana-kwana. Na ji daɗin wannan wuri har na karanta shi sau biyu. To me ya hana a auna 1942 da wannan mudu?

Haka batun 'yan sanda. A 1966 ya rubuta hukuncin Miranda, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, wanda ya tilasta a shaida wa wanda aka kama cewa yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya. Duk mai kallon finafinan Amurka ya haddace kalmomin. Amma a 1936, a shari'ar kisan babban injiniyan jirgin ruwan Point Lobos, ofishin Warren ya ɗaure 'yan ƙungiyar ƙwadago uku, King da Ramsay da Conner, da taimakon na'urar sauraro da aka ɓoye da kuma ikirarin da aka samu daga Conner bayan doguwar tuhuma ba lauya a kusa. Da aka sake su daga kurkuku a 1941, a zamanin Gwamna Culbert Olson, Warren ya fusata. Masu yabonsa suna cewa ai don ya san ɗakin tuhuma daga ciki ne ya iya rubuta Miranda. Na yarda da wannan, kuma hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa kotu tana buƙatar mutanen da suka taɓa riƙe mulki, ba malaman littafi kaɗai ba. Amma littafin yana nuna ofishinsa na Alameda a matsayin wuri mai tsabta da ba a taka doka. Wanda ya rubuta Miranda ya fi kowa sanin ba haka ba ne.

Ga inda na tsaya. Ban ga mutum biyu a rayuwar nan ba, na da da na yanzu. Mutum ɗaya na gani, hali zanen dutse. Warren ba ya farawa daga nassin doka ya gangaro zuwa hukunci. Yana farawa ne daga abin da zuciyarsa ta ce masa daidai ne, sannan ya tara mutane a bayansa, kuma a wannan fanni ba shi da na biyu. Lauyoyin da suka tsaya gabansa sun sha faɗin yadda yakan katse dogon bayaninsu ya tambaye su ko abin da aka yi adalci ne. A 1954 zuciyar ta faɗa masa gaskiya, kuma miliyoyin mutane sun amfana. A 1942 ita dai wannan zuciyar, da wannan tabbaci, da wannan iya jan jama'a, ta faɗa masa cewa manomin latas ɗan leƙen asiri ne. Masu sukarsa daga ɓangaren 'yan mazan jiya, waɗanda suka cika hanyoyi da allunan neman a tsige shi, ba don tausayin Japanawa suke yi ba, yawancinsu haushin Brown ne ke cin su, kuma ba na tare da su. Amma tambayar da masana shari'a masu natsuwa suka yi tana nan: idan abin dogaro shi ne zuciyar alƙali, me zai tare ta ranar da ta karkace? Kotun Ƙolin da ta amince da korar a shari'ar Korematsu ta 1944 ba ta tare ta ba, kuma Hugo Black da William Douglas, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙan kotun Warren, suna cikin masu rinjayen.

Kuma lallashin yana da farashi. Don a riƙe tara ɗin nan, hukunci na biyu na 1955 bai sa wa jihohin Kudu ranar da za su haɗa makarantu ba, ya bar su da wata magana mai harshen damo, a yi sauri amma a tsanake. Suka riƙe tsanaken suka yar da saurin. A 1957 sai da aka kai sojoji Little Rock kafin yara tara su shiga aji. Gundumar Prince Edward ta Virginia ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964. Shekara 10 bayan Brown, baƙaƙen yaran Kudu da ke aji ɗaya da farare ba su wuce biyu cikin ɗari ba. A Oktoba 1957 ma ministan kuɗinmu Komla Gbedemah ya tsaya shan lemo a wani gidan abinci a Dover ta jihar Delaware aka ce ba a zaunar da baƙi, har sai da Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a rufe kunya. Warren yana ɗora yawancin laifin jinkirin a kan Eisenhower da ya ƙi fitowa ya goyi bayan hukuncin da bakinsa. Yana da gaskiya, amma ba duka ba. Sai a 1967, a shari'ar Loving da ta halatta aure tsakanin baƙi da fari, alƙalaminsa ya kira abin da sunansa, ya ce dokokin an yi su ne don ɗaukaka farar fata.

Babin kwamitin binciken kisan Kennedy ba zan daɗe a kansa ba. Kare kai ne daga farko har ƙarshe, kuma wanda ke da shakku kan rahoton 1964 ba zai fita da sauƙin zuciya ba. Babukan mulkin Kalifoniya kuwa, hanyoyi da gidajen yari da yunƙurinsa na inshorar lafiya na 1945 da ƙungiyar likitoci ta kashe, sun yi tsawo, suna karantuwa kamar rahoton ƙarshen shekara na ma'aikata. A nan ne, ina zato, mai jan biron nan ya ajiye. Amma a cikinsu akwai abin da ya kamata a ba shi: a ƙarshen 1944, da sojoji suka ɗage haramcin, ya yi kira ga mutanen jihar su karɓi masu dawowa, kuma a 1947 ya sa hannu a dokar da ta soke raba ɗalibai 'yan asalin Asiya da 'yan asalin ƙasar a makarantun jihar, shekara bakwai kafin Brown.

A daren da na gabatar da shirin na kasa shi biyu, na fara da 1942. Wani dattijo ya bugo waya, bai tambayi komai game da kotu ba. Abin da yake son sani shi ne ko an mayar wa mutanen gonakinsu. Na ce masa yawancinsu ba su samu ba. Na ce masa a 1983 wani kwamitin da majalisar Amurka ta kafa ya gano cewa ba wata larurar soja da ta sa aka kwashe su, ƙiyayyar launi ce da ruɗanin yaƙi da gazawar shugabanni. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman afuwa, da diyyar dala 20,000 ga duk wanda ya rage da rai. An fara biya a 1990, aka fara da waɗanda suka fi tsufa. Dattijon ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya tambaye ni ko alƙalin yana raye a lokacin. Na ce masa ya rasu tun ranar 9 ga Yuli 1974.